Takalman da Ba a Juya Ba

Shekara talatin da shida Hotta Fusae ta yi tana zama a gefen kyamara, agogo rataye a wuya, littafi a cinya, kuma abu ɗaya tak take tinƙaho da shi a duniya: ba a taɓa kama kuskure a fim ɗin da ta kula da shi ba. Aikinta ke nan. In ɗan wasa ya ɗauki kofin shayi da hannun dama ranar Litinin, aka zo ƙarasa wurin ranar Juma'a ya ɗauka da hagu, ita ce za ta yi gyaran murya. In kyandir ya ƙone rabi a wannan hoton, ba zai dawo sabo a na gaba ba muddin tana numfashi. Duk unguwar Uzumasa, inda ake shirya finafinai a birnin Kyoto na ƙasar Japan, an san ta, kuma manyan 'yan wasa masu ji da kansu sun fi shakkar gyaran muryarta a kan tsawar darakta. Da za ta yi ritaya har lambar yabo aka ba ta, an rubuta a jiki wai ido ne da bai taɓa ƙyaftawa ba. Tana nan a kan kabad ɗinta, kullum sai ta goge mata ƙura.

To, sai ga shi tana da shekara saba'in wani mutum ya bugo mata waya ya ce ya ga takalmi.

Sunansa Shiraishi, ma'aikaci ne a ma'ajiyar tsofaffin finafinai. An ba shi aikin wanke finafinan darakta Kuwabara Jinzo guda goma sha tara, a sabunta su don bikin da za a yi a watan goma, kuma duk goma sha taran Fusae ce ta kula da su. Sai da ya ba ta haƙuri sau uku kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, har ta ƙosa ta ce masa ya yi magana, ba ta da shekarun jira. Ya ce zai fi kyau ta zo ta gani da idonta.

Washegari ta je, da niyyar ta nuna wa wannan mutum cewa tabo ne kawai a jikin fim. Ya zaunar da ita gaban babban allo a wani ɗaki mai sanyi, ya kunna mata fim ɗin Kuwabara na farko, Mai Gadin Gada, labarin zamanin samurai, mayaƙan takobi na da, shekara ɗari uku baya. Ya tsayar da shi a kan ƙofar wani masauki. Ba kowa a hoton. Ga takalman ciyawa na baƙi an jera su reras, duk an juyar da hancinsu waje yadda ake yi a kowane gidan mutunci. Can a kusurwar hagu kuwa, ga wasu fararen takalman zane masu tafin roba, hancinsu na kallon ciki, ɗaya ma ya kwanta a gefensa.

Tirƙashi. Takalmin roba a zamanin samurai!

Shiraishi ya yi mata bayani a hankali, kamar mai ta'aziyya. A da, in ji shi, allon gidajen silima yana yanke bakin hoton, wurin kuma duhu ne. Yanzu da aka wanke fim ɗin tas, komai ya fito. Zai iya goge takalman da kwamfuta cikin rabin yini, ba wanda zai taɓa sani. Ya nemi jin ta bakin darakta, 'yarsa ta ce tsohon ya daina amsa waya, kuma a cikin waɗanda suka yi aikin ita kaɗai ta rage. Ranar Juma'a zai miƙa aikin, don haka yana son a ce masa goge ko bari.

Ta ce masa ya goge, ya goge yanzu ma tana kallo. Sai ya yi ɗan tari, ya ce akwai saura.

Kowa ya san ƙofofin Kuwabara. Ba fim ɗinsa da babu wannan hoton: ƙofar gida, ba mutum, ba kiɗa, na ɗan lokaci, sannan labari ya ci gaba. Yana cikin finafinan samurai shida da ya fara da su, waɗanda masu kamfani suka yi ta ƙorafi wai da ƙyar ake zare takobi a ciki. Yana cikin na iyali da suka biyo baya suka yi masa suna, da na masuntan Maizuru wanda ya kai shi ƙasashen waje, da ma wancan na rawa da waƙa da ya faɗi warwas har mutane suka riƙa fita ana tsakiyar nunawa. Yana cikin na ƙarshe, labarin tsohon da ya tashi koyon iyo. Wani farfesa ya rubuta littafi mai shafi ɗari huɗu yana cewa ƙofar nan mutuwa take nufi, wani kuma ya rubuta nasa don ya ƙaryata shi. Shiraishi ya jera mata ƙofofin goma sha tara a allo, ɗaya bayan ɗaya. A kowace akwai fararen takalman nan. Wani wuri suna bayan tukunyar ajiye lema, wani wuri a ƙarƙashin matakala, a finafinan zamani ma ba a ko ɓoye su ba, suna nan tsakiyar na mutanen gida, su kaɗai ke kallon ciki.

Ta ce ya matso da hoton. Ya matso, ya ƙara matsowa. A dunduniyar na hagu akwai ɗan rubutu da jan tawada, harafin farko na sunanta, wanda ita da kanta ta rubuta tana da shekara ashirin da biyu don kada a yi musanya da ita.

Ba ta gaya masa ba. Ta miƙe, ta ce ya dakata da gogewar, za ta kira shi kafin Juma'a.

A jirgin ƙasa na komawa gida kunya ce ta fara cin ta, amma kafin ta sauka wani abu ya danne kunyar. Yaya aka yi? Kuskure ɗaya kowa na iya yi. Sau goma sha tara kuwa ba kuskure ba ne, aiki ne, kuma an yi shi a gaban idonta. Fusae mace ce da in ta rasa allura ba ta iya cin abinci sai ta gano inda ta faɗa, balle wannan.

Ta sauko da littattafanta daga saman kabad, akwati huɗu, ta baje su a tabarma. Ta nemo ƙofar kowane fim. Duk da rubutun hannunta ne: lamba kaza, daƙiƙa goma sha ɗaya, daƙiƙa tara, daƙiƙa goma sha uku. Amma a gefen kowanne akwai ƙaramin rubutu da ta saba yi in ba ita ta auna abu da agogonta ba: bisa faɗar Sensei, wato Malam, yadda suke kiran Kuwabara. Kuma in ban da na fim ɗin farko, duk a ranar ƙarshe ta ɗaukar fim ne, bayan cin abincin rana.

Sai ta ajiye tabarau ta ce, “Burodin wake.”

Al'adar Kuwabara ce, ranar da za a gama fim sai ya raba wa ma'aikata burodin wake mai zaƙi, kuma dole daga wani shago guda can wajen Kitano, kuma dole Fusae ce za ta je sayowa, wai sauran ba su iya ƙirga mutane ba. Zuwa da dawowa awa ɗaya da rabi ne. Tana yarinya ta yi, ba ta yi ƙorafi ba. Tana da shekara hamsin da biyar, da mataimaka biyu a ƙarƙashinta, haka ya ci gaba da aikenta a gaban kowa kamar 'yar aiki, tana tafe tana zaginsa a zuci har shagon. In ta dawo sai ya ce mata a taƙaice an ɗauki ƙofa, daƙiƙa kaza ce, ta rubuta. In kuma an zauna kallon abin da aka ɗauka, aka zo kan ƙofar, me za ta duba? Ba hannu, ba kofi, ba kyandir. A nan ne take lumshe ido ta huta na 'yan daƙiƙu. Ashe idon da bai taɓa ƙyaftawa ba, wurin ƙyaftawarsa ke nan, kuma mutumin ya sani.

Ta tuna ranar da takalman suka ɓata, rana ta tara a fim na farko. Jirgin ƙasa ya wuce ta, ta sheƙo a guje, maimakon ta zagaya inda ma'aikata ke cire takalma sai ta faɗa ta ƙofar masaukin da aka gina don fim, ta watsar da su nan ta haye. Da yamma ta neme su sama da ƙasa, babu. Haka ta koma gida da takalmin ciyawa na kayan wasa, ana ruwa, 'yan makaranta na nuna ƙafarta suna dariya a jirgi. Shekara da shekaru ta zargi wata mai gyaran gashi, Otoki, ba ta sake yi mata gaisuwar kirki ba har matar ta rasu. Da ta tuna wannan sai ranta ya ɓaci sosai.

Yanzu ta san yadda aka yi. Dalilin ne ba ta sani ba, kuma abin da zuciyarta ta fi ba ta shi ne izgili: ya kama kuskurenta na ranar nan ya riƙa maimaita shi a ɓoye yana yi mata dariya. Zai iya, don Kuwabara ba mutum ne mai daɗin baki ba. Ko sunanta ba ya kira, sai dai Agogo. Shekara talatin da shida bai taɓa ce mata sannu da aiki ba. A liyafar fim ɗinsa na ƙarshe ya gode wa kowa da suna, har direban mota, da ya zo kanta sai ya kalle ta ya ɗauke kai ya zauna. Tun ranar ba ta sake taka gidansa ba, shekara goma sha biyu ke nan.

Ranar Alhamis da rana ta sa kayanta na ziyara ta tafi Sagano, unguwar da Kuwabara yake zaune. A hanya ta tsaya ta sayi burodin wake, ba don komai ba sai don ba a zuwa gidan mutane hannu biyu, haka dai ta gaya wa kanta.

'Yarsa Kayo ce ta buɗe ƙofa, mace mai furfura yanzu, wadda Fusae ta taɓa goyawa a bayan kyamara. Ta yi ta murna tana cewa Goggo ce, Goggo ce. Fusae ta cire takalmanta ta taka dakalin shiga, sai ta tsaya cak. A kusurwar hagu, kusa da tukunyar lema, ga su nan. Sun yi rawaya, robar ta tsattsage, jan tawadar ya koma ruwan ƙasa, hancinsu na kallon cikin gida.

Kayo ta bi idonta da kallo, ta rage murya ta ce ta yi haƙuri da wannan abin kunya. Baba ya hana a taɓa su. Tun tana ƙarama suna nan, sai in zai gama fim ya sa su a jaka ya fita da su. Sau ɗaya wata mai aiki ta juya su, ya yi faɗan da ba a taɓa jin irinsa a gidan ba. Ita dai ta ɗauka na kakarta ne, da ta tambayi mahaifiyarta kuwa, matar dariya kawai ta yi ta ce kayan aiki ne.

Yana zaune a ɗakin da ke kallon lambu, bargo a gwiwa. Mutumin da a da in ya yi tsawa har fitilu sai sun girgiza, ya koma ɗan ƙarami cikin kujera. Ya ɗago ya dube ta tsawon lokaci.

“Agogo. Kin makara.”

“Da shekara goma sha biyu, Sensei. Na zo karɓar takalmana.”

Ya yi dariya har ta zame masa tari, Kayo ta rugo da ruwa, ya kore ta da hannu. Ya tambaya wa ya tona shi. Ta ba shi labarin Shiraishi da kwamfutarsa, ta ce masa ɓarawo, ta ce saboda shi ta ɗauki alhakin Otoki, ta ce ya mayar da ita abin dariya a finafinai goma sha tara, ga lambar yabo na zaune a kan kabad ɗinta tana ƙarya. Duk abin da ta tara a shekara goma sha biyu ta juye masa, yana saurare yana gutsurar burodin wake. Da ta gama sai ta ce abu ɗaya take son sani, me ya sa.

Ya tambaye ta ko ta tuna abin da ya faru da safiyar ranar nan kafin ta iso. Ta ce ina za ta tuna, ba ta nan. Sai ya gaya mata. Masu kamfani sun kalli abin da aka ɗauka na kwana takwas, sun ce wannan ba fim ɗin samurai ba ne, zaman makoki ne, kuma an riga an fara neman wanda zai karɓe shi. Kowa a wurin ya ji labarin. Ba wanda ya ce masa komai, gaisuwa ma an gaishe shi da ladabi fiye da kullum, abin da ya fi kashe shi ke nan. Ya zauna a kujerarsa ya kasa cewa a fara. Idonsa ya sauka kan takalman ma'aikata, ƙafa arba'in da wani abu, a jere, duk an juya su suna kallon hanyar fita. Ya duba ƙofar masaukin, na 'yan wasa ma haka. Abin da ya gani duk rayuwarsa ne, bai taɓa lura ba sai ranar: kowa tun shigowarsa ya riga ya shirya tafiya.

“Sai ga wata yarinya ta faɗo kamar an koro ta, ta yi jifa da nata ta haye, tana haki tana tambaya lamba nawa za mu ɗauka. Na ce wa mai kyamara ya juya ya ɗaukar min ƙofar nan. Daga nan na iya cewa a fara.”

Fusae ta ce wannan ai ba biyayya ba ce, rashin tarbiyya ne, da mahaifiyarta ta gani da ta sha mari. Ya ce ya sani. Ta ce to ɗaukar hoto daban, sata daban, me ya kai takalman jakarsa?

“Tsoro na ji. Na ce in kika sa su kika tafi, ke ma ba za ki dawo ba.”

“Ai na tafi. Da na ciyawa na tafi, ana ruwa.”

“Kin tafi, amma da sassafe kika dawo kina neman su. Kullum kina riga kowa zuwa, kina leƙa ƙarƙashin benci, har muka gama fim ɗin.”

Gaskiya ne, haka aka yi, kuma daga nan ne ta saba da riga kowa zuwa aiki har ta yi ritaya. Ta ji haushi ta kuma ji dariya na neman ƙwace mata, ta danne ta. Sai ta faɗi abin da ya fi ci mata rai, wanda ba ta yi niyyar faɗa ba. Ta ce duk wannan ta ji, amma ranar liyafar ƙarshe fa? Har direba ya samu godiya. Ita shekara talatin da shida ko sau ɗaya bai ce ya gode ba.

Tsohon ya kalli lambu. Ya ce ranar liyafar ya zo kan sunanta muryarsa ta ƙi fita, shi ya sa ya zauna.

“Amma na faɗa, Agogo. Sau goma sha tara na faɗa. Ke ce kike rufe ido.”

Nan fa hawaye ya zo wa Fusae, ita da ba ta yi kuka a gaban mutum ba tun rasuwar mijinta, ta ciro hankici tana cewa hayaƙin turaren ɗakin ne ya yi yawa, alhali ba a kunna komai ba. Bai dube ta ba, ya bar ta ta gama. Can ya ce takalman nata ne, sunan da zai ɓaci ma nata ne, don gobe masu rubutu a jarida za su ce ashe Hotta Fusae ma tana barci a bakin aiki. In tana so a goge, a goge, ba zai ce komai ba.

Ta tuna lambar nan ta kan kabad, da yadda take goge mata ƙura kowace safiya. Abin da ta mallaka ke nan na shekara talatin da shida, kuma ta so shi ƙwarai. Sannan ta nemi Kayo ta ara mata waya. Shiraishi ya ɗauka yana fara ba da haƙuri, ta katse shi ta ce kada ya taɓa ko igiyar takalman nan, a bar su yadda suke a duk goma sha taran. Ta ce kuma a littafin bikin ya rubuta cewa takalman na mai kula da daidaiton fim ne, Hotta Fusae, da cikakken suna, kuma ba ta gan su ba sai bana. Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce masa ita ba ta faɗin abu sau biyu.

Da la'asar ta yi, ta ga tsohon ya fara gyangyaɗi, sai ta miƙe ta yi sallama a hankali. Bai ce ta zauna ba, bai iya irin wannan maganar ba, kai kawai ya gyaɗa yana kallon lambu. Kayo ta rako ta bakin ƙofa tana cewa a naɗe mata tsofaffin takalman ne? Fusae ta ce a bar su inda suke.

Nata na yau suna nan a tsakiyar wurin shiga. Kayo, 'yar gidan tarbiyya, ta riga ta jera su tsaf ta juya hancinsu waje, yadda baƙuwa za ta zura ƙafa kawai ta fita. Fusae ta tsaya tana kallon su. Sannan ta dafa bango, ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta juya su suna kallon ciki, ta miƙe da ƙyar.

Ta ce wa Kayo ta ɗora wani shayin, wancan ya huce. Ta koma ɗakin ta zauna a gefen kujerarsa, ta hannun hagu, inda ta saba zama.